Gefen Hadiza

A ɗakin duba yadi na masaƙar da Christy take aiki a Kakuri, ba a zama tebur mutum ɗaya. Yadi yana da faɗi, ido kuwa yana da iyaka, shi ya sa tun da aka kafa kamfanin mata bibbiyu ake zaunarwa. Yadin yakan sauko daga sama ya bi ta kan gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa, ɗaya ta tsare rabin hagu, ɗaya ta tsare rabin dama. Wadda ta ga zare ya tsinke, ko ƙulli, ko tabon man inji, sai ta tsayar da yadin, ta tsince da hantsaki in abin tsincewa ne, in ba haka ba ta zagaye wurin da alli. Hagu na Christy ne, dama na Hadiza.

Tun suna 'yan mata aka haɗa su, a zamanin farar hula na wancan karon. A kan teburin nan suka ji sojoji sun karɓe mulki, a kansa suka ji soja ya ture soja, a kansa suka yi aure suka hayayyafa. Hadiza ce ta fara kiran ta Maman Clinton, tana tsokanar ta wai ta rasa sunan da za ta sa wa ɗanta sai na mutumin da bai san da zamanta a duniya ba. Ita kuma Christy Hajiya take ce mata, alhali Hadiza ko ƙofar filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Faɗa kam sun sha yi, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne. Sun taɓa yin gaba mai tsawo a kan wanda ya fi iya miyar kuka, ba mai ce wa wata sannu, amma ko a lokacin yadi bai wuce su da aibu ba.

Da sojoji suka koma bariki, Hadiza ta shigo aiki tana cewa yanzu za a sha romon dimokuraɗiyya, Christy ta ce to ta ajiye mata cokali. Ba a rufa shekara ba garin ya kama da wuta. Wannan ba labarin da ake tsayawa bayarwa ba ne, duk wanda ya zauna Kaduna a farkon shekarar dubu biyu yana da nasa. Abin da ya shafe mu shi ne, da ƙura ta lafa mutane sun tattara komatsansu, waɗannan suka haura kogi, waɗancan suka gangaro, kowa ya nemi inda nasa suke. Hadiza da ke zaune a Nasarawa, tafiyar ƙafa daga gidan Christy na Trikania, ta tsallaka zuwa Tudun Wada da 'ya'yanta. Wani direban kamfani ne ya ce ya hango ta da ranta. Iyakar abin da Christy ta sani ke nan.

Ranar da aka sake buɗe masaƙar, Manaja ya tara ma'aikata a fili ya yi musu jawabi. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, ba ya son ya ji maganar rikici a cikin kamfani, ko sunan waɗanda ba su dawo ba, kada a fama wa wani miki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji shi. A yi wa mutum adalci, alheri yake nufi. Sai dai shi bai taɓa zama gefen mutum ɗaya rabin rayuwarsa ba, sannan a wayi gari a ce ya yi kamar ba a taɓa yin mutumin ba. Kuma tun da ma'aikata sun ragu, aka ce kowace mace ta riƙe tebur ita kaɗai.

Christy ta riƙe. Tana zuwa a kan lokaci, tana gaida kowa, in aka tambaye ta lafiya ta ce lafiya lau. Amma kewar Hadiza ta kama ta kamun da ba ta taɓa zaton kewar wanda ba miji ba, ba ɗa ba, za ta iya yi wa mutum. Wani abin dariya yakan faru a bas da safe, ta riƙo shi a baki kamar ruwa har ta iso ɗakin aiki, ta waiwaya dama za ta faɗa, sai ta haɗiye abinta. Da haɗiyar ta yi yawa sai ta daina waiwayawa. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya zama kamar ƙasa a bakinta, zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta da saura.

Sai yadi ya fara dawowa daga sashen rini, ana cewa an sami aibu a abin da ya bi ta teburinta. Na farko aka ce tsautsayi, na biyu aka ce gajiya. Da abin ya ƙi ƙarewa shugaban sashensu, Oga Shekari, ya kira ta gefe. Shekari mutumin Zonkwa ne, ya daɗe a ɗakin saƙa kafin a ɗaga shi, ƙarar injuna ta cinye masa rabin ji, saboda haka raɗarsa ma ihu ce.

"Maman Clinton, ba zan ɓoye miki ba," in ji shi, duk ɗakin na ji. "Manaja ya ce in yadi ya sake dawowa daga teburinki, sallama ce. Je ki kilinik a duba miki ido."

A kilinik ɗin kamfani Sista Ruth ta sa ta karanta baƙaƙen da ke jikin bango, ta karanta har na ƙasa da ƙuda ma sai ya matso zai gani. Aka auna jini.

"Idonki garau. Jininki ne ya ɗan hau. Kina yawan tunani ne?"

"Wa ba ya tunani a garin nan, Sista?"

Sista Ruth ta buɗe baki, ta dubi ƙofa, ta rufe. Ta ƙulla mata ƙwayoyi a 'yar leda, ta ba ta hutun mako guda, ta ce ta je ta kwanta ta huta, kada ta sa komai a ranta.

An gudu ba a tsira ba. A wurin aiki ko ba komai akwai ƙarar inji. A gida kuwa, da mijinta Albert ya fita, yara suka tafi makaranta, sai ya rage daga ita sai bango. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon hanyar da Hadiza takan ɓullo ran Lahadi da yamma, da kwanon waina a hannu, tana mita tun daga nesa wai karen maƙwabta ya tsane ta. Albert mutumin kirki ne, amma maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, a yi addu'a a ci abinci. Matan zumunta na coci suka zo suka yi mata waƙa suka roƙi Ubangiji, ta ji sanyi a ranta, har ta taya su amshi. Da suka tafi shirun ya dawo ya zauna inda suka tashi. Ta koma aiki ta fi da ramewa.

Ba a daɗe ba yadi ya sake dawowa.

Christy ta hango Oga Shekari ya shigo da shi a kafaɗa, ta san ta ƙare. Abin mamaki, ba tsoro ta ji ba, gajiya ta ji. Ta fara tunanin yadda za ta gaya wa Albert, da yadda gidan zai zama in ba inda za ta je da safe, sai a nan gabanta ya faɗi. Shekari ya ɗora yadin a kan sandar teburinta, ya kunna fitila, ya shiga janyo shi a hankali yana duban jan allin da masu rini suka zana a duk inda suka ga aibu. Ya ja, ya ja, ya tsaya. Ya koma ya ɗauko wani tsohon da aka dawo da shi tun kafin hutunta, shi ma ya ja. Sannan ya sosa ƙeya, ya zagaya ya zauna a hannunta na dama, inda ba wanda ya zauna tun watan rikici.

"Duba nan," in ji shi. "Hagu tas yake, ko ƙulli babu. Duk jan allin nan a dama yake. Na wancan karon ma haka."

Christy ta juya kanta da ƙyar, kamar wadda wuyanta ya sanƙare. Gaskiya ne. Jan alli ya jeru a rabin dama tun daga sama har ƙasa, rabin hagu kuwa fes. Ita ba ta ma san ta daina kallon wurin ba.

"Ashe ba idonki ba ne," in ji Shekari, ya sassauta murya a ganinsa. "Gefen Hadiza ne ba kya iya kallo."

Sunan ya cika ɗakin, ya bugi kwanon rufi ya dawo. Tebur ɗaya ya tsaya, na kusa da shi ya tsaya, har ɗakin ya yi tsit. Christy ta kifa kai a kan gilashin ta fashe da kuka, irin kukan da ba a yi wa kwalliya. Ba wadda ta ce ta yi haƙuri. Can daga ƙuryar ɗaki wata dattijuwa ta ce, ita ma Amina da suke tebur ɗaya, har yau in ta dafa masara guda biyu take zubawa a jaka. Wata ta ambaci wani suna, wata ta ambaci wani. Ashe abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, kowa dai ya iya bakinsa ne.

Shekari ya bar su suka yi mai isarsu. Shi kansa ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce mura ce take damun sa. Da Christy ta ɗago ya tambaye ta ko ta je ta ga Hadiza.

"Ina ni ina Tudun Wada, Oga? In na je ma, da wane ido zan dube ta? Mu muna nan cikin gidajenmu, nata an ƙone shi, ko ƙofa babu."

"Ke kika ƙona?"

"A'a."

"To." Ya murza hankicin. "Kin san al'adar kamfanin nan. Duk wanda ya daɗe ya bar aiki, ana ba shi turmin atamfa na ban kwana, kuma abokin aikinsa ne yake miƙa masa hannu da hannu. Na Hadiza yana sito, ɓeraye sun fara gaishe shi. Gobe ba hutu na ba ki ba, aike ne. Ki kai mata."

"Manaja fa?"

"Bar ni da Manaja. Zan ce masa ciwon ba na ido ba ne, ya ba ni lokaci. In zai sallami wani, ya fara da wanda ya karya masa doka, ai duk Kakuri sun ji ni." Ya tashi, ya ƙara da cewa, "Amma ki sani, teburin nan ba zan sake barin ki ke kaɗai a kansa ba. In kin dawo sai kin karɓi wata a gefen nan. In kin ƙi, ba ni da abin da zan kare ki da shi."

A ranta Christy ta ce, in Allah ya yarda mai gefen ce za ta dawo gefenta.

Washegari da hantsi ta hau bas a titin baifas, turmin na cikin leda a kan cinyarta. Da motar ta hau gada ta rufe ido, da ta buɗe ta ga ashe wancan hayin ma mutane ne, mai rake na fere rakensa, mai faci na facinsa. Ta sauka kusa da Kasuwar Barci tana tambayar Hadiza mai aiki a masaƙa, wannan ya miƙa ta ga wancan, har wata mai sayar da manja ta nuna mata wani lungu. A tsakar wani gidan haya ta same ta, zaune a kan tabarma tana ƙulla gyaɗa a leda.

Hadiza ta ɗago, ta daɗe tana kallon ta.

"Maman Clinton? Ke ce ko fatalwarki? Wa ya cinye miki naman jiki?"

"Ke kuma kumatun naki wa kika ba aro, Hajiya?"

Sai suka rungume juna, gyaɗa ta watse a ƙasa. Suka yi kuka, suka yi dariya, suka koma kukan. Hadiza ta aika aka sayo fura, ta tsare ta sai da ta shanye kwanon, Christy ta yi mamakin yadda cikinta ya karɓa. Labaran da ta yi ta haɗiyewa suka rinƙa fitowa ba tsari, na kwandastan da wandonsa ya yage, na auren 'yar Sista Ruth, na Oga Shekari da murarsa. Ta miƙa turmin da hannu biyu, Hadiza ta shafa shi ta ce kamfani dai bai daina rowa ba, wannan zanen tun bara aka daina yayinsa. Daga nan Christy ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Yaushe za ki dawo? Oga zai karɓe ki, na rantse. Ko ba ki koma Nasarawa ba, ai ga bas."

Hadiza ta ci gaba da shafa atamfar.

"Ba zan dawo ba, Christy."

Rabon da ta kira ta da sunanta na yanka tun kafin a haifi Clinton.

"Na gwada," in ji Hadiza. "Na yi shiri, na ɗauki jakata, na hau mota. Da muka doshi gadar nan numfashina ya ɗauke, sai da aka sauke ni aka yayyafa mini ruwa. A can aka kashe ƙanena, kin sani ko ba ki sani ba. Ba na ƙin kowa, Allah shi ne shaida. Ƙafata ce ta ƙi."

Christy ba ta sani ba. Ta riƙe hannunta, suka zauna haka, wata kaza tana tsince gyaɗar da ta zube ba mai kora.

"Wa aka sa a gefena?" Hadiza ta tambaya can.

"Ba kowa. Na ajiye miki."

Da ta ji labarin jan alli da maganar sallama, Hadiza ta saki hannunta ta riƙe haɓa.

"Lalle ba ki da kirki! Tun ina budurwa nake tsare gefen nan, ko ƙulli bai taɓa wuce ni ba, shi ne za ki bar shi ya lalace ana cewa gefen Hadiza? Ki ce a ba ki Vivian, yarinyar nan ta ɗakinku. Bakinta ya fi injin ƙara, amma tana da ido. Ki karɓe ta, kin ji ni?"

"Ba za ta zama ke ba."

"Wa ya ce ta zama ni? Ni guda ɗaya aka yi. Yadi za ta duba miki, ki ci abinci, ki riƙe aikinki. In kina son ganina, zumunta a ƙafa take, taki kuma na ga tana aiki."

Christy ta zo ne ta tafi da Hadiza, ga shi Hadiza na sallamar ta. Ta rasa wa za ta yi wa fushi.

Da la'asar ta kawo jiki Hadiza ta yafa gyale ta ce bari ta taka mata. Rakiyar ta wuce ƙofar gida, ta wuce lungu, ta kai bakin titi. Da bas ta tsaya, Hadiza ta ce ai rakiyar ƙasa ta marowata ce, ta shige ta zauna kusa da ita. Suna tafe kafaɗa na gugar kafaɗa. Christy tana jin numfashin Hadiza yana ƙara sauri, tana ganin yadda ta damƙe bakin gyalenta. Da aka hango ƙarafan gada daga nesa Hadiza ta buga jikin motar.

"Akwai sauka! Iyakata ke nan, Maman Clinton. Ki gaida Oga Shekari, ki ce masa na gode. Da ƙarfi za ki faɗa."

Ta sauka ta tsaya a gefen titi. Christy ta leƙa ta taga tana kallon ta, tafin hannunta a kan kujerar da Hadiza ta tashi, wurin da sauran ɗumi. Direba bai ja ba, yana jiran a cike gurbin. Wata mata mai jiki ta sako kai da kwandon tumatir, tana haki, ta dubi hannun Christy.

"Madam, da mutum a nan?"

Christy ta dubi Hadiza, Hadiza ta harare ta ta cikin gilashi.

"Ba kowa," in ji Christy. Ta janye hannunta. "Zauna."

Matar ta zauna ta matse ta da jikin taga, ta ɗora mata rabin kwandon a cinya ba ko sannu, ta shiga ba ta labarin tsadar tumatir. Motar ta hau gada, Christy tana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kwandon kada ya zube.